Darasi a kan Saƙar Igiyar Takalmi a Masaƙar Turaku

Ku sani, ya ku 'yan'uwa masu neman ilimi, malaman da suka gabata, Allah Ya jiƙansu da rahama, ba su ɗauki sana'ar hannu abin rainawa ba. Imamu Gazali a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin ya lissafa saƙa tare da noma da ɗinki a cikin farillan kifaya, watau ayyukan da idan wasu suka tsaya da su sauran jama'a sun kuɓuta, idan kuwa aka bar su baki ɗaya laifi ya hau kan kowa. Ibnu Haldun kuma a Muƙaddimarsa ya sanya ta cikin sana'o'in larura waɗanda zaman alƙarya ba ya daidaita sai da su. Abin da za mu karanta yau ƙaramin babi ne daga wannan babban fanni, shi ne saƙar igiyar takalmi, wadda faɗinta bai kai rabin inci ba, amma duk ƙa'idar da take cikin saƙar bargo ko gwado tana cikinta, ga shi kuma kayan aikinta ba su fi ƙarfin mai ƙaramin jari ba.

Kakanninmu ba su bukaci wannan igiya ba, domin fade da sau-ciki, waɗanda dukawan Kano suka shahara da su har Bature Barth ya ambaci fataucin takalman birnin sa'ad da ya zo a 1851, zura ƙafa kawai ake yi a tafi. Amma yau babu gidan da za ka shiga ka rasa kambas na ɗan makaranta, ko takalmin ƙwallo, ko but na ma'aikaci, kuma kowannensu da zarar igiyarsa ta tsinke ya zama abin ja a ƙasa, ko da fatarsa da tafinsa suna nan garau. A wasu ƙasashe kuwa al'amarin daɗaɗɗe ne ƙwarai. A 2008 masu binciken kayan tarihi suka tono wani takalmi a cikin kogon Areni na ƙasar Armeniya, wanda aka ƙiyasta an yi shi kimanin shekara 3,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Fatar saniya ce guda aka naɗe daidai ƙafa, aka zarge ta gaba da baya da tsirkiyar fata.

Waɗanda suka fi cancanta a ambata a wannan babi su ne mutanen Sami, mazauna can ƙuryar arewacin Norwe da Suwidin da Finlan da wani yanki na Rasha, makiyayan wata dabba mai kama da barewa, mai ƙaho rassa-rassa. Takalminsu na gado daga fatar wannan dabba ake ɗinka shi, a cusa masa busasshiyar ciyawa a madadin safa, sa'an nan a kawo wani dogon maɗauri da aka saƙa da zaren ulu a naɗe idon sawu da shi, ya haɗa wuyan takalmi da ƙafar wando, don kada ƙanƙara ta sami ƙofar shiga. Matansu suke saƙa shi da wani ɗan faifan katako ko na ƙaho mai tsaga-tsaga da huda-huda, suna ɗaure kan zare ɗaya a jikin wani abu tsayayye, ɗaya kan kuma a ƙugunsu. Kuma launi da zanen maɗaurin sukan nuna yankin da mai shi ya fito, su bambanta na namiji da na mace. A biranen Turai kuwa tun farkon ƙarni na 17 masaƙan Holan suka soma aiki da wata babbar masaƙa wadda mutum ɗaya yake saƙa maɗaurai fiye da goma da ita a lokaci guda, abin da ya tayar da hankalin masu saƙar hannu har a 1675 masaƙan birnin Landan suka yi bore suka farfasa irinta. Bore bai hana abin da zai zo zuwa ba: a 1732 wani mutum mai suna Alexander Harvey ya ɗauko irin waɗannan masaƙu daga birnin Harlem na Holan ya kafa masana'anta a Gilasgo. Ita ƙaramar masaƙar turaku da za mu koya, a ƙarni na 20 ta bazu a hannun masu sha'awar aikin hannu a Ingila da Amurka, inda wata malamar saƙa, Mary Atwater, ta yi ƙoƙari wajen yaɗa ta.

Wanda ya taɓa zama kusa da masaƙinmu na gargajiya ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin mu ma ma'abuta siririyar ƙwarya ne, kuma turkuɗin da ake saƙawa a ƙasar Kura don rawunan Buzaye yana cikin mafi sirantar ƙwaryoyin da aka sani a wannan nahiya. Bambancin da ya wajaba ku riƙe guda biyu ne. Na farko, masaƙinmu yana da allera biyu da yake takawa da ƙafa, da matsefi da yake raba zare yana buga saƙa, da kunkuru can nesa yana riƙe da wadari. Masaƙar turaku kuwa allera ɗaya gare ta, ba ta da matsefi, ba ta da kunkuru, hannu ne yake aikin ƙafa. Na biyu, kuma shi ne jigon darasin nan, tun da babu matsefin da zai raba su, zarurrukan tsaye sukan matsu da juna har su rufe zaren ƙoshiya ruf, ba a ganinsa sai a gefe kaɗai. Daga nan ƙarfin igiyar yake fitowa, domin ja da ake yi wa igiyar takalmi ta tsawonta ake yi, zarurrukan tsaye kuwa su ne suke ɗauke da shi gaba ɗaya. Daga nan kuma ya zama launi da zane da faɗi duk a wurin wadari ake yanke hukuncinsu, kafin a jefa ƙoshiya ko sau ɗaya.

Masaƙar da zarenta

Kowane kafinta zai iya haɗa ta idan aka kwatanta masa. Gindinta katako ne kwance mai tsawon kamar inci 30, da ginshiƙai biyu tsaye a kansa, ɗaya a tsakiya ɗaya a baya, sa'an nan a kafa turaku masu kaurin babban yatsa ko fiye, tsawon inci 5 ko 6, dukansu suna fitowa ta gefe guda, ɗaya gefen a buɗe. Akwai turken gaba, wanda yake kusa da cikin mai saƙa. Da turken sama a kan ginshiƙin tsakiya. Da turken allera a ƙarƙashinsa. Da turken baya. Sauran kuwa amfaninsu kawai zare ya yi ta kewaya su don ya sami tsawo a ƙaramin wuri. Guda ɗaya daga cikinsu ba a kafe shi, a cikin doguwar tsaga yake tafiya, ana ɗaure shi da noti a inda ake so, shi ne turken ja. Ku gaya wa kafinta ya nemi katako mai ƙarfi ya kuma zurfafa ramukan turakun, domin zare ashirin da 'yan kai idan suka haɗu suna ja, sukan karkatar da turken da bai kafu ba, kuma turke karkatacce yakan sa zaren gefe ɗaya ya fi na ɗaya gefen sako-sako, aibin da babu gwanintar hannu da take gyara shi.

Allerar wannan masaƙa zobba ne na zare mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, kowanne a ƙulle shi daban. A sami ƙusa biyu a jikin katako a riƙa kewaya su ana ƙullawa, don zobban su fito tsawo ɗaya ba ragi ba ƙari. Tsawon da ya dace shi ne wanda idan aka ninka zoben a kan zaren da ya bi ta turken sama, aka rataya bakunansa biyu a turken allera, zai janyo zaren nan ya sauko daidai da layin 'yan'uwansa da suka bi ta ƙasa. Ƙoshiya kuma ba irin mai kwarkwaro ba ce, ɗan katako ne shimfiɗaɗɗe kamar inci 5, mai gurbi a kowane kai inda ake naɗa zare, an fiƙe gefensa ɗaya kaɗan an goge shi sumul, domin da wannan gefe ake buga saƙa.

Game da zare, ra'ayina shi ne babu kamar auduga mai murɗi sosai, irin zaren saƙar ƙwarashi siriri da ake sayarwa a dunƙule. Mafi kyawunsa shi ne mai ɗan ƙyalli, wanda aka jiƙa a ruwan soda mai ƙarfi bisa hanyar da John Mercer, mutumin Ingila, ya gano a 1844, domin wannan jiƙo yana ƙara masa ƙarfi, ya sa ya sha rini sosai. Abawa ba ta dace ba saboda laushinta da gashin da take fitarwa, wanda yakan sa zarurruka su manne da juna ratar da ƙoshiya take bi ta ƙi buɗewa. Zaren ulu na hular sanyi yana miƙewa. Zaren roba kuwa, ko da yake yana da wuyar tsinkewa, santsinsa yakan sa ƙulli ya riƙa kwancewa ana cikin tafiya, kuma ban ga fa'idar igiyar da ba ta tsinkewa ba idan mai ita zai riƙa sunkuyawa kowace kusurwa. Kowane zare mai launi kuka saya, musamman ja da shuni, ku jiƙa guntunsa ku matse a cikin farin tsumma tukuna, don kada ruwan sama na farko ya rina wa yaro farin kambas.

Lissafi da wadari

Mafi sauƙin awo shi ne a zare tsohuwar igiya a gwada. Idan babu ita, takalmi mai huda biyar ko shida a kowane gefe yakan ci kimanin inci 36, mai huda bakwai kimanin 45, but mai dogon wuya kuwa 54 ko fiye. To, a ce muna son igiya biyu masu inci 45, jimla 90 ke nan. Amma zaren tsaye ba a miƙe yake tafiya a cikin saƙa ba, hawa yake yi yana sauka a kan zaren ƙoshiya, saboda haka yakan gajarta da kusan kashi ɗaya cikin goma, sai mu ƙara inci 10. Akwai kuma wurin ƙulli da abin da yake saura a bayan allera wanda ƙoshiya ba ta iya kaiwa gare shi, mu ba shi inci 12. Mu bar inci 4 tsakanin igiyar farko da ta biyu. Jimla inci 116, watau yadi 3 da inci 8. Idan turakun masaƙarku ba su ɗauki wannan tsawo ba, sai ku saƙa ɗaya-ɗaya, amma ku rubuta adadin zare da jerin launi a takarda, don kada ƙafar dama ta saɓa wa ta hagu.

Yawan zarurruka shi yake ba da faɗi. Da siririn zaren ƙwarashi, daga 21 zuwa 27 sukan ba da kamar sulusin inci, wanda yake shiga hudar yawancin takalma. A zaɓi adadi mara, domin a fara da zare mai allera a gama da irinsa, gefe biyu su yi daidai. Idan 25 ne, 13 za su shiga allera, 12 su zauna sake.

Kafin a soma, a tura turken ja zuwa inda hanyar zare ta fi tsawo a ɗaure shi, domin a sami abin da za a riƙa sassautawa yayin da saƙa take cin zare. Wanda ya manta da wannan, kafin ya kai rabi zare zai ɗaure tamau, ba shi da wurin saki. Sa'an nan a yi wa kan zare ƙullin zarge a turken gaba, na wucin gadi. Zare na farko ya hau ta kan turken sama, ya je turken baya, ya bi sauran turaku ya komo gaba, a sa masa allera. Na biyu ya wuce ta ƙarƙashin turken sama kai tsaye zuwa baya, ya bi hanyar da na farko ya bi, ba a sa masa kome. Haka za a yi ta yi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da ja iri ɗaya, ba tare da wani ya hau kan wani ba. Idan za a sauya launi, a yanke a turken gaba a ƙulla sabon da tsohon. Idan an gama, a kwance ƙullin farko a haɗa shi da kan zare na ƙarshe. Hikimar wannan ita ce wadarin duka ya zama zobe guda wanda bai ɗauru da kowane turke ba, yana iya kewayawa kamar yadda ake so.

A nan ne ake zane, tun ran gini tun ran zane. Tun da yake a kowane jifa rabin zarurruka ne suke bayyana a sama, wannan karon masu allera, karo na gaba sakakku, to zare ɗaya tilo mai launi dabam zai fito ɗigo-ɗigo, yana bayyana yana ɓuya. Biyu a jere masu launi ɗaya, guda mai allera guda sake, sukan ba da layi mai tafiya da tsawon igiya ba yankewa. Idan kuwa aka sa dukan masu allera ja, dukan sakakku fari, sai layukan su fito a gicciye kamar matakala. Idan kuma a tsakiyar faɗin aka juya tsarin, masu allera suka koma fari sakakku suka koma ja, sai a sami gida-gida irin na dara. Duk zanen da za ku gani a irin wannan saƙa ta farko daga waɗannan asula yake. Ga jeri mai sauƙi na mai koyo: baƙi 5, fari 4, ja 7, fari 4, baƙi 5. Zaren ƙoshiya kuwa a yi shi da launin gefe, a nan baƙi, domin ya ɓace a cikinsa.

Saƙar kanta

Mai saƙa ya zauna masaƙa tana gabansa, ya sa hannu a bayan allera ya danna sakakkun zarurruka ƙasa, sai rata ta buɗe a gaba, ita ce baki na farko. Ya ɗaga su sama, baki na biyu ya buɗe. A fara da zura tsinken tsintsiya biyu ko uku, ana sauya baki, don zarurruka su jeru. Daga nan aikin ɗaya ne ake maimaitawa, amma tartibinsa yana da muhimmanci: a jefa ƙoshiya a bar ɗan lanƙwasar zare a gefe, a sauya baki, a zura ƙoshiya a buga da gefenta mai kaifi, sa'an nan a ja lanƙwasar nan har ta kwanta a jikin gefe, kana a fitar da ƙoshiya a bar sabuwar lanƙwasa. Dalilin jinkirta jan shi ne, bayan an sauya baki zarurrukan tsaye sun riga sun kama zaren ƙoshiya, duk inda aka ja shi ya tsaya nan zai zauna.

Gefe shi ne mizanin masaƙi. Mai koyo yakan fara da tsoro ya ja kaɗan, igiya ta yi faɗi har zaren ƙoshiya ya leƙo ta tsakiya. Can hannu ya saba ya soma ja da ƙarfi, ta tsuke. In ya tashi salla ya komo, ta sake wani faɗin. Maganin wannan a yi zane biyu a jikin guntun kwali daidai faɗin da ake so, a riƙa ɗora shi bayan kowane inci biyu ko uku, har ido da yatsa su haddace. Idan saƙa ta matso kusa da allera baki ya ƙuntata, a sassauta turken ja, a kama wadari da hannu biyu a jawo shi, abin da aka saƙa ya zagaya ƙarƙashin turken gaba, a mayar da allera wurinta idan ta biyo, a sake ɗaurewa.

Mai son igiya kewayayya, irin ta takalmin fata na zuwa ofis, ya rage zarurruka zuwa 13 ko 15, ya riƙa shigar da ƙoshiya ta gefe ɗaya kullum, yana komo da ita ta ƙarƙashin saƙa, yana ja sosai har gefe biyu su haɗu su zama bututu. Irin wannan takan ɗan murɗe da kanta, layukan su riƙa kewaya ta, kuma wannan ba aibi ba ne.

Saura kan igiya, wanda idan babu shi dukan wahalar nan za ta warware a hudar farko. Bayan an sauke saƙa a wanke ta ta bushe, domin auduga takan ɗan tsuke a wankin fari, sa'an nan a auna. A wurin da za a yanke, a naɗe faɗin igiyar ya zama siriri, a ɗaure shi tamau da zaren ɗinki, naɗi kusa da naɗi, tsawon kamar sulusi biyu na inci, a shafa gam ya ratsa. Sai ya bushe ya yi tauri tukuna a sa reza a yanke. Wasu sukan yi amfani da siririyar robar nan da masu gyaran lantarki suke rufe waya da ita, wadda take tsukewa idan ta ji zafi, a ɗiga gam a ciki kafin a zura. Maƙerin fari kuma yana iya naɗe shi da ɗan gwangwani mai laushi. Ƙona kan igiya da ashana a zaren roba kaɗai yake aiki, auduga toka take zama.

Ba zan ɓoye muku ba, wajen araha babu mai saƙar hannu da zai yi gasa da injin masana'anta, wanda yawancin igiyoyinsa ma kitsa su yake yi kamar tufka, dubbai a wuni. Kasuwarku tana wurin abin da inji ba ya kula da shi: ƙungiyar ƙwallon unguwa mai son launinta, makaranta mai son igiya ta dace da rigar ɗalibanta, mai but ɗin da ya rasa tsawon da ya yi masa. Kuma hannun da ya iya wannan, idan ya ƙara yawan zare da kaurinsa, shi ne zai saƙa zariyar wando, da hamilar takobi, da maratayin jaka, a kan masaƙar nan ba tare da an ƙara mata turke ko ɗaya ba.

Kafin zama mai zuwa, kowane ɗalibi ya auno igiyar takalmi ɗaya daga gidansa, ya lissafa tsawon wadarin da za a bukata don saƙa biyu irinta bisa hanyar da ta gabata, ya rubuta jerin zare 23 wanda zai ba da baƙin gefe da matakala ja da fari a tsakiya, sa'an nan ya zo da zobban allera 12 waɗanda ya ƙulla da hannunsa, malami zai jera su a ƙusa biyu ya ga ko tsawonsu ɗaya.